Karnukan da Aka Bar Mini a Shekarar Fari

Ban taɓa kiwon kare ba sai a shekarar da gero ya ƙone a tsaye tun bai fitar da kai ba. Ni baduku ne a Sabon Birni, ina ɗinkin takalma da kube a zauren gidanmu. Shan-inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ina ƙarami, don haka da kaka ta zo rumbuna wayam, maza suka fara ɗaure kaya suna tafiya kudu ci-rani, ni ban motsa ba. Babu mai ɗaukar gurgu aikin dako. Na zauna tare da tsofaffi da mata, ina kallon unguwa tana raguwa gida-gida.

Wata hantsi kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya iso daga Unguwar Lalle da ƙafa. Mafarauci ne, kuma bai zo shi kaɗai ba. A bayansa akwai wata jar karya siririya, da wani tsohon baƙin kare wanda kunnensa guda ya yage tun wata farauta. Bai bari sun shigo zaure ba. Ya ɗaga musu yatsa kawai suka kwanta a ƙofa.

Bayan mun gaisa ya sha ruwa, ya ce, "Ɗana, kudu za ni, ni da iyali. Mota ba ta ɗaukar kare, in kuwa na bar su ƙauye jifa za ta kashe su. Ka riƙe min su har ruwa shi sauka."

Na ce, "Kawu, mi za ni ba su? Mu kanmu ɗiyan anza na daji muke jiƙawa muna ci."

Ya ce, "Ba tuwo sunka saba da shi ba, daji sunka saba da shi. Ka riƙa fita da su kullum da safe, ko bakin gulbi ne. Kare in ya kwana ɗaure ya wuni ɗaure, halinshi ɓaci yake yi."

Ba a ce wa kawu a'a. Da zai tafi sai da na riƙe su da igiya. Ya bi lungu bai waiwayo ba, jar karyar tana kuka ƙasa-ƙasa har ya sha kwana.

Matata ta leƙo daga cikin gida ta gan su, ta tafa hannu. Ta ce, "Maigida, najasa ce ka kawo muna? Duk ƙwaryar da sunka lasa sai wanki bakwai, ga ruwan sha ma sai an yi tono."

Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba. Na gyara musu wuri a bayan gida, jikin danga, ƙarƙashin wata aduwa. Na ware musu kasko nasu na ruwa. Na tufka igiyoyi biyu da ragowar fata, na kuma ware wata tsohuwar riga wadda ba na salla da ita, ta zama rigar fita da karnuka.

Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in canja riga in kwance su, mu gangara gulbi. Kwanakin farko sun sha kayar da ni, don da saurin kawu suka saba. A hankali suka gane tafiyata. Tsohon karen ne ya fara ganewa. Sai ya ɗan yi gaba, ya tsaya, ya jira in jawo ƙafar, sannan ya ƙara gaba. Ita kuwa karyar sai na sake ta take samun natsuwa, ta yi ta zagaye tana shinshinar ramuka.

Gulbin babu ruwa ko na wanke hannu, sai rairayi da ramukan da mata suka tona suna jira ruwa ya tsattsafo su kwalfa da ludayi. A wannan lokacin ne makiyaya suka yi ta gangarowa daga arewa da shanunsu, wasu daga tsallaken iyaka. Shanun suna isowa bakin gulbi suna durƙushewa. Saniya takan kwanta, mutum uku su kama wutsiya da ƙaho su tayar da ita, ta yi taku kaɗan ta sake zubewa. Mushe ya yi yawa har majema suka daina karɓar fata, aka daina feɗewa. Ungulaye suka ƙoshi har tashi yana yi musu wuya. Karnukan kawu ma suka yi ƙiba, gashinsu yana sheƙi. Nakan ji kunyar ratsa unguwa da su, ganin yaran maƙwabta wuyansu ya zama kamar sillen kara.

Mutane suka fara kirana mai karnuka. Wasu da dariya, wasu kuma da buƙata. Telan unguwarmu da zai tafi ya kawo mini tantabarunsa a cikin kwando. Wata tsohuwa da ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa birni ta aiko mini da kyanwarta a buhu. Kyanwar ba ta zauna ba, ta koma kangon gidansu, sai dai in bi in ajiye mata ɗan ƙanzo a bakin ƙofa.

Wanda na fi tunawa shi ne wani dattijon Bafillace daga wajen Turba. A bakin gulbi muka fara haɗuwa, yana zaune a kan rairayi da sandarsa a kafaɗa, babu ko ɗan maraƙi a gabansa. Wani farin kare dogo yana kwance a gefensa. Muka gaisa, ya dubi karnukana ya ce ya ji labarina.

Ya ce, "Nagge ta ƙarshe, saniya guda da ta rage min, shekaranjiya ta faɗi. Wanga kare tun yana ɗan kwikwiyo yake bin shanu. Yanzu ba shi da aiki, ni ma ba ni da shi. Ɗiyana sun tafi neman gadi birni, sun ce in zamna wurin 'yar'uwata cikin Isa. Gidan malamai ne, ba su barin kare."

Na ce, "Baba, ni ma abin ya fara yi min yawa."

Bai roƙe ni ba. Ya ce to, ya ci gaba da kallon rairayi. Wannan shirun ne ya sa na miƙa hannu na karɓi igiyar.

Duk ranar kasuwa sai ya taso daga Isa, in ya sami mai rage masa hanya, ya zo bayan gidana ya zauna ƙarƙashin aduwar nan. Ba ya taɓa karen sosai. Zama kawai yake yi yana yi masa magana da Fillanci a hankali, karen ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallonsa. Wani lokaci nakan ji yana kiran wasu kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kunnen karen yana motsi. Da na tambaye shi, ya ce sunayen shanunsa ne. In matata ta aiko masa da kunun dusa sai ya ce ya ƙoshi, sai an yi ta fama yake kurɓa.

Da sanyi ya wuce, mushe ya ƙare. Abin da zai mutu ya mutu, saura an kora su kudu. Ƙasusuwa kawai suka rage a bakin gulbi, fari fat. Daga nan ne karnukan suka fara ramewa, haƙarƙarinsu ya fito. Muka riƙa yin nisa, har wajen gonakin Kurawa, ko za su sami ɓera ko gafiya. Ƙafata takan kumbura, in dawo in kasa zaman ɗinki, ko da yake aikin ma babu. Wa ke ta takalmi?

Wata safiya jar karyar ta tayar da zomo daga gindin wata sabara. Na tuna yadda kawu yake yi, na yi bisimilla na tura ta. Ta bi shi har suka ɓace mini. Can sai ga ta da shi a baki, yana shure-shure. Da yunwar da ke cikinta ba ta ci ba, ta ajiye shi a gabana ta ja baya. Na zaro wuƙa na yanka. Ran nan aka ji ƙamshin nama a gidanmu bayan watanni. Matata ta raba romon har da maƙwabta. Da yamma na hango ta ta zagaya bayan gida da kan zomon da kayan ciki a sakaina. Ta tsaya nesa ta tura musu da kara, tana cewa, "Ungo, 'yar banza, kin yi abin kirki." Daga ranar ba ta ƙara zubar da ruwan wankin tukunya ba, su take kai wa.

Sai dattijon nan ya daina zuwa. Kasuwa ta ci, ta sake ci, babu shi. Farin karen ya rage cin ɗan abin da ake samu. In mun fita ba ya farauta, sai ya bi bayanmu kai a ƙasa.

Ana cikin zafin bazara, wata rana muna kan hanyar komawa gida, sai ga wani ɗan garke yana ratsa gulbi, ragowar shanu ramammu, wasu samari biyu na kora su kudu. Farin karen ya tsaya cik. Ya ja igiya har ta shaƙe shi. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na tsaya ina tunani, daga baya na sunkuya na kwance shi. Ya ruga ya zagaya bayan garken, ya tarar da wata karsana da ta ware, ya maido ta cikin 'yan'uwanta. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga sanda zai kore shi, ɗayan ya hana. Na tsaya har ƙurarsu ta ɓace. Karen bai dawo ba.

Ba a daɗe ba tsohon baƙin karen ya kasa tashi. Na kai masa ruwa har bakinsa, ya lasa kaɗan ya bari. Na zauna kusa da shi ina kore masa ƙuda har rana ta take, numfashinsa ya tsaya. A garinmu ba a binne kare, ja ake yi a jefar bayan gari. Ni dai na kasa barin ungulaye su yi masa abin da na ga sun yi wa shanu. Na ɗora shi a kan tsohon buhu na ja shi zuwa gulbi, na yi tono a rairayi inda ya fi taushi. Jar karyar tana tsaye tana kallona. Da na gama sai da na ja ta da ƙarfi kafin ta bar wurin.

Dattijon ya dawo ana gab da saukar ruwa. Ya rame ƙwarai, ashe jinya ya yi. Ya wuce kai tsaye zuwa gindin aduwa, ya ga igiya a rataye. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ya ce, "Shanu ya bi?"

Na ce, "Shanu ya bi, Baba."

"Suna da yawa?"

"Ba su da yawa. Amma suna tafiya da ƙafarsu."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Ya zauna a inda ya saba zama, ya juya mini baya. Na koma zaure na bar shi. Da na leƙo bayan la'asar ya tafi, ban ƙara ganinsa ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka da ɗan irin da aka samo. 'Yan ci-rani suka fara dawowa. Tela ya dawo ya tarar da rabin tantabarunsa, ya yi godiya. Kawu ne shiru. Duk wanda ya sauka daga mota sai na tambaye shi, kowa ya ce ba gari ɗaya suka zauna ba.

Gero ya kai gwiwa lokacin da matar kawu ta yi sallama a ƙofar gidanmu, da ƙullin kaya a ka, ƙaramar ɗiyarta na riƙe da zanenta. Ina ganin fuskarta na sani. Ta ce ciwon ciki ne ya kama kawu a inda suke aikin yashi, bai yi doguwar kwanciya ba, can aka rufe shi. Matata ta rungume ta suka shige ɗaki. Ni na zauna a zaure da basilla a hannu, na kasa ajiyewa, na kasa ɗinki.

Jar karyar ta ji muryar matar kawu daga bayan gida. Ta yi ta fizga har igiyar ta tsinke, ta zagayo da gudu. Ba ta tsaya wurin kowa ba. Ta shinshina ƙullin kayan da aka sauke a ƙofa, ta bi lungu har bakin hanya, ta dawo, ta sake komawa. Haka ta yi ta yi har ta gaji ta kwanta a ƙofar zaure tana haki.

Da matar kawu za ta wuce Unguwar Lalle na ce mata, "Inna, ga ajiyar kawu. Guda ya mutu hannuna, wagga ce ta rage."

Ta ce, "Riƙe ta, ɗana. Ba ni da mai fita da ita. Kuma ba ni iya jin tana haushi cikin gidan nan."

Ta ɗauki kayanta. Da ta zo ƙofa ta tsaya a kan karyar, ta ɗan sunkuya, ta ce da ita a hankali, "Ba shi zuwa. Kin ji? Ba shi zuwa." Ta kama hannun ɗiyarta suka tafi.

Washegari na so in zauna gida. Karyar ta yi ta kuka a bayan danga har matata ta ce in tashi in fita da ita, ko don kunnen maƙwabta. Muka gangara. Gulbi ya kawo ruwa ja, babu wurin ratsawa, sai muka bi gefen gonaki. Ciyawa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Karyar ta zauna a gidanmu damina da yawa bayan wannan, har idonta ya yi fari, ta mutu a wata shekara da aka yi gero sosai.