Ƙafar Bencin Baba Kafireta

A ƙarshen layin masu gyaran mota akwai wata rumfar kwano mai benci ɗaya na katako, wanda ƙafarsa guda ta gaza sauran tsawo. Mai rumfar, Baba Kafireta ake ce masa, kuma ba a banza sunan ya kama shi ba.

Ya shiga aikin tun motoci ba su yi wayo ba. A lokacin, in inji ya yi ciwo, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa maka abin da ke damunsa. Da aka fara kawo motoci masu ƙwaƙwalwa, wato ɗan akwatin nan mai tarin wayoyi da ke auna wa inji mai da wuta, makanikai da yawa suka rikice. Shi bai rikice ba. Sai ya zare akwatin, ya ɗaura kafireta irin ta dā, mota ta tashi tana gurnani. Za ta sha mai kamar ba gobe, amma za ta kai ka gida. Shekaru direbobi na bin layi a gabansa. Akwatunan da ya cire kuwa ba ya zubarwa. Wani ya tare ƙofa, wani ya shiga ƙarƙashin gajeriyar ƙafar benci, in ya lotse a sauya wani. Yakan ce iyakar amfaninsu ke nan.

A hankali motoci suka sake hali. Gaisuwar da direbobi ke yi masa ba ta ragu ba, motocin ne dai suka daina tsayawa.

Mutum ɗaya ya rage mai kawo masa mota, autarsa, wadda kafireta ta kai makaranta har ta zama malama. Ranar da injin motarta ya buga, mijinta ya ce a kai wa wani mai na'urar duba mota a tsakiyar layi. Auta ta ce muddin babanta na da rumfa, ba hannun da zai buɗe mata bonet sai nasa. Mijin ya ce to, motarta ce, babanta ne. Aka jawo motar da igiya.

Da kansa Baba ya je kasuwar injuna. Ya zaɓi na wata mota da ta yi hatsari, ya juya shi da hannu, ya shinshina baƙin mansa, ya gyaɗa kai. Mai injunan ya ɗaura wata leda a jikin injin, cikinta akwai akwatin ƙwaƙwalwa da makulli guda, ya ce su ukun nan tare suke tafiya, kada a raba su. Baba ya tambaye shi yaushe masu sayar da inji suka fara koyar da makanikai. Ya ce shi yana sauya inji tun uban mai shagon bai yi aure ba.

A ganinsa motar Auta na da ƙwaƙwalwarta lafiya lau, me za ta yi da biyu? Ga shi a ranar benci na ta rawa. Sabon akwatin ya shiga ƙarƙashin ƙafar kamar an auna. Makullin kuma ya faɗa gwangwanin notuna.

Injin ya zauna daram, kowane noti ya sami raminsa. Baba ya murɗa makulli, mota ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ya sauya fulogi, ya sauya batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko tsohuwar kafireta, ya zagaya injin da ita a hannu, bai ga inda za ta zauna ba. Tsakanin wannan da wancan yana ta dukan ƙarfe a kan benci, yana wanke kaya, baƙin mai na gangarawa ta ƙafarsa.

Kullum Auta kan biyo bayan an tashi makaranta, ta hau bas biyu kafin ta iso, alli a hannun rigarta. Sai ta ce, "Baba, ba gaggawa." Shi kuma ya ce gobe.

A rana ta goma surukin ya zo da mai na'ura, Auta na biye da su. Mai na'urar magidanci ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Baba, abin da Baba ya so a ce bai yi ba. Ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan karanta, ya ce injin lafiyayye ne, kuma ya daɗe bai ga ɗauri mai tsabta irin wannan ba. Sai dai injin ya fi motar ƙuruciya da shekara uku, ƙwaƙwalwar motar ba ta san shi ba, shi ya sa take hana shi mai.

"Aikin rabin awa ne, Baba. A ba ni akwatin da makullin da suka zo da shi."

Baba ya juye gwangwani, ya tsinci makullin, ya goge shi da gefen riga, ya miƙa. Daga nan ya tsaya. Mai walda na rumfar kusa ya kashe wutarsa ya matso. Baba ya dubi surukinsa.

"Ɗaga mini bencin nan."

Akwatin ya fito a lotse, baƙin mai na tsiyaya ta bakinsa. Mai na'ura ya buɗe shi, ya duba, ya mayar da murfin a hankali, ya ajiye. Mai walda ya ce ashe shi ya sa bencin ya natsu kwana biyu, ya sami ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya taya shi dariya. Surukin ya kalli matarsa, kallon da ya ɗan daɗe.

Auta ta gyara mayafinta, ta ce, "Baba, sannu da wahala."

Da rana tsaka aka ja motar daga rumfar, ta bi layin kaf kowa na gani. Sai da aka yi wata biyu kafin a sami wata ƙwaƙwalwar da makullinta. Duk tsawon nan Auta na bin bas, kuma ba ta taɓa tayar masa da maganar ba.

Har yanzu tana zuwa gaishe shi kowane mako. Motar dai a can bayan shagon mai faci take ajiye ta, ta ƙaraso da ƙafa. Ta ce wurin ajiya ne ya yi ƙunci a bakin rumfar. Baba ya ce haka ne, ko da yake filin gabansa zai ɗauki babbar mota.

Kunnensa bai tsufa ba. Tun daga kwanar layi yake gane muryar injin da ya zaɓa da hannunsa, har ya ji lokacin da aka kashe shi. Makon jiya ya ji fulogi ɗaya na ɗan tsallake. Ya share mata benci, ta zauna, bencin ya karkata, don tun ranar bai sake sa masa komai ba. Ya buɗe baki zai yi maganar fulogin. Ta ɗago ta dube shi. Sai ya tambayi lafiyar yara.