Simintin da Ya Kori Babana

Ni na kori babana daga gidan shaƙatawar garinmu, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

Kafin a fara ce wa wurin kulob, wata 'yar rumfar zana ce kawai a gindin tsamiya, kan hanyar fadama a Bagudo. Babana ne ya kafa ta da hannunsa, don tsofaffi su sami inuwar yin dara bayan la'asar. A ƙasa ake yi: a tona gurabe cikin rairayi da yatsa, wannan ya riƙe tsinkaye, wancan tsakuwoyi. Babban abokin karawarsa wani tsohon masunci ne, mutumin Dendi daga hayin iyaka, ƙasar Dahomey. Duk ranar kasuwa sai ya kawo busasshen kifi, ya sayar cikin gaggawa, ya garzayo rumfa. Su yi ta zolayar juna, rabi da Hausa rabi da Dendanci, 'yan kallo na ta shewa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai na dawo daga kwalejin horon malamai, ga agogo a hannu, kai kuwa ya cika da iska. Mu samari muka ce ai ƙasa mai 'yanci ta wuce zaman rumfa. Muka kira gayya. Mata suka yi ta ɗebo ruwa, makaɗa na zuga mu, muka tada dogon zaure na laka a daidai inda rumfar take. Aka samo rediyo da lido, aka share filin ƙwallo a baya. Sai wani ɗan kasuwa ya ba mu siminti kyauta. Ni, uban 'yan iyawa, na dage a shafe ko'ina, har gindin tsamiyar, kada a bar ko taki ɗaya.

Ranar buɗewa babana ya zo da tsinkayensa a aljihu. Ya yaba gini, ya yaba rediyo, sannan ya tattare riga ya tsuguna, ya kai yatsa zai tona gurbi. Ina! Ya sake gwadawa a gefe. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Malam," in ji shi, kuma ba ya ce mini haka sai zai yi mini shaguɓe, "ina ƙasar wurin ga ta tahi?"

Na yi murmushi, don na shirya. Na fito da wani katako mai gurabe talatin da na sa kafinta ya sassaƙa. Babana ya karɓa ya juya shi, ya soka tsinke, tsinke ya faɗi. Ya miƙo mini abina, ya sa takalmansa ya tafi gida.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe da sauran aiki. Tsofaffi duk suka bi sahunsa suka ɗauke ƙafa. Shi kuma ba zai yi dara a ƙofar gidansa ba, don magidanci ba ya tsugunawa yana ihu a inda surukansa ke wucewa. Masuncin nan ya zo kasuwa biyu, ya leƙa zaure ya ga samari na jefa lido, ya juya. Kasuwa ta uku ko leƙowa bai yi ba. Babana ya koma zaman dakali, yana faɗa da awaki, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Abin ya dame ni ƙwarai, amma girman kai ya hana ni magana.

Innata ce ta tare ni a bakin madafa. "Kai da bokonka," ta ce, "ka maido mini mijina yadda ka same shi."

Da safiyar ranar kasuwa na ari diga. Abokaina suka taru suna ta cewa haba, haba, wai na haukace, simintin da ake zuwa kallonsa har daga garin Kaoje! Ban saurare su ba. Na fasa kusurwar da ke kusa da taga, inda iska ke shigowa, har hannuwana suka yi bororo. Na sa aka kawo kayan jaki biyu na rairayin kogi na zuba. Kusurwar tana nan har yau, duk da an rushe laka an yi bulo, an kawo talabijin da teburin tanis.

Ban iya tunkarar babana ba, kunya ta hana. Sai na bi masuncin har rumfar kifi na roƙe shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce in bar masa.

Bayan la'asar sai ga su tare, tsofaffi na biye. Babana bai ko kalle ni ba. Ya tsuguna, ya damƙi rairayi ya murza.

"Ya cika tsakuwa," ya ce. "Ko tankaɗewa ba a yi ba."

Amma yatsansa ya riga ya fara tona gurabe. Masuncin ya gyara riga zai zauna, babana ya ɗaga masa hannu.

"Dakata tukuna. Malam, taho zamna."

Tunda aka haife ni ban taɓa zama gaba da gaba da shi ba, ko a kan akushi. Na zauna, idona ya cika da ƙwalla don daɗi. Ya yi mini ci uku a jere, bai bar mini ko tsakuwa ɗaya ta kirki ba, tsofaffi na ta yi mini ature. Da zan tashi ya riƙe gefen wandona.

"Gobe ka taho da wuri," ya ce. "Ba ka iya komi ba."