Jan Fenti a Kangon Gidaje

Laifina ne, gara in faɗa tun da wuri. Wata Laraba, ina aji huɗu, damina saura kiris ta sauka, na saci ragowar jan fentin Baba na bi gidaje goma sha biyu ina rubuta wa kowane bango "Na Magini Sale". Magini Sale shi ne mahaifina, kuma gida ɗaya tak aka ba shi ya ƙarasa.

Gidajen nan suna bayan ƙauyenmu, a kan hanyar Baure. Wani kamfani ne ya fara gina su tun kafin a haife ni, da suka kai linta ya tattara kayansa ya tafi. Ba rufi, ba ƙofa, sai tafasa da ta cika ɗakuna da ƙadangaru masu gyaɗa kai kamar masu gadi. Nan muke kai awaki kiwo bayan an tashi makaranta. Mu yi langa a falo, mu gasa gyaɗa a ɗakin girki, sannan mu kwanta rigingine muna kallon girgije yana ratsawa ta inda ya kamata silin ya kasance. Ni ne gwamna. Na raba wa kowa gida, har akuyarmu na ba ta mai ɗaki uku. A idona duk an shafe su da shuɗi, fanka tana juyawa, Inna tana zaune a baranda ana yi mata fifita.

Da wani malamin makaranta ya sayi na farkon layi ya damƙa wa Baba aikin, sai na ji kamar Daura gaba ɗaya aka ba mu. Ni ke ɗebo ruwan kwaɓa siminti, ni ke tsince ƙusa, ina tafiya ƙirji gaba kamar zakara. Abin da ya kai ni ga fentin ke nan.

Bayan kwana biyu mutum biyu suka zo a babur da jakar takardu, masu karɓar kuɗin raya ƙasa. Ashe duk maginin da ya taɓa kango a wurin sai ya biya kafin ya ɗora kwano. Suka zaga, suka karanta rubutuna mai kama da sawun kaza, suka dawo suna murmushi. "Ranka ya daɗe, ashe babban ɗan kwangila ne! Sha biyu ke nan," in ji dogon cikinsu. Baba ya dubi bangon, ya dubi hannuna da ya yi ja har gwiwa. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige har da takalmina.

Sai da mai unguwa ya zo ya rantse cewa ko jaki Baba ba shi da shi balle rukunin gidaje, sannan suka sauko zuwa gida ɗaya. Amma kuɗin gida ɗayan ma malamin ya ce ba ya cikin cinikinsu da Baba. Baba ya zaro kuɗin da aka ba shi na kwano ya miƙa, ya karɓi rasit. Bai doke ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Habu, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Namu ko rufin babu."

Yanzu yaran ƙauyenmu waya suke latsawa a gindin bangayen nan, ba mai kwanciya ya kalli sama. Ni kuwa ina kewar lokacin da gida mara rufi ya fi kowane gida kyau.

A makon da Baba ya biya kuɗin nan ruwa ya sauka, gidan ba rufi, filastar ta zube, malamin ya ƙwace aikin ya ba wani. Baba ya koma gona, bai sake riƙe cokalin gini ba.