Baitin Ƙarshe da Ba a Karanta Ba

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ran Lahadi sha biyu ga Rajab, shekara talatin da ɗaya da shigowar Nasara Sakkwato, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanena Malam Sodangi na Ƙofar Atiku, bayan jinyar kwana tara. Ni ne wansa, Na'Allah baduku. Ban san alif ba. Ɗiyarsa Malama Juwairiyya ke rubuta abin da nake faɗi, na kuwa hana ta gyara mini magana.

Sodangi, kai anka kai makaranta, ni anka zaunar gaban fata da basilla. Na daɗe da haushin wannan, ka kuwa sani. Amma ba ka taɓa ɗaga mini kai da karatunka ba. Waƙa takan zo mini ina cikin ɗinki, kai kuma ka zo da tawada bayan azahar, ina rerawa kana rubutawa. In na karya ma'auni ba ka cewa na yi kuskure, sai ka ce, "Yaya, sake, kunnena ne bai kama ba." Mutanen ƙauye nawa ka rubuta wa wasiƙa, ko goro ba ka karɓa ba?

Shekara biyu da sunka wuce anka kira taron marubuta a zauren Malam Tambari, don wani Bature da ke neman rubutun Hausa a buga. Ka ce mu tafi tare da waƙata ta shekarar fara. A bakin zaure Malam Tambari ya dubi hannuna, ja wur da rinin karan dafi, ya ce, "Taron masu alƙalami ne, baba." Ka ce, "To mun koma, Malam, tare munka zo." Da ƙyar anka bar ni, na zauna wajen takalma. Wannan ban manta ba har yau.

Kowa ya san mai waƙa a baitin ƙarshe yake faɗin sunansa. Ka miƙe ka karanta, har wani dattijo na share ido wajen da fara ta cinye gero. Saura baiti ɗaya Malam Tambari ya ce, "Ya isa, wasu na jira." Malamai sunka taso suna ba ka hannu, suna sa maka albarka. Ni ko kallo ban samu ba.

A hanya ka buɗe takardar kana nuna mini da yatsa. "Yaya, ga sunanka nan." Na ce, "Ko sunan jaki ka sa, yaya zan gane?" Malamai sun cika unguwarmu, kowanne zai iya karanta mini. Ban tambayi kowa ba, don na fi son haushina. Tun ranar ban ƙara ba ka baiti ba. Kana zuwa da tawadarka, mu gaisa, ka zauna, ka tashi. Waƙoƙi bakwai sunka taru a kaina na hana ka. Yanzu ganina ya rage, ƙwaƙwalwa ma ta fara zubar da su ɗaya ɗaya.

Ran sadakar uku Juwairiyya ta kira ni cikin gida, ta buɗe gafakarka, wadda ni na ɗinka da hannuna. Ta ce, "Baffa, yau dai sai ka saurara." Ta zaro takardar waƙar fara, ta karanta baitin ƙarshe:

In an tambaye ku mai waƙar ga,
Na'Allah baduku ne, ƙanensa ya rubuta.

Sa'an nan ta fito da wasu takardu, samansu fari fat, rubutu layi biyu kaɗai a ƙasa. Ta ce duk wannan baitin ne. Ashe ka riga ka sa sunana, kana jiran ranar da zan huce in cika sauran.

Na zalunce ka, Sodangi. Ka yafe mini. Ban iya faɗa maka kana da rai ba, to ga shi a rubuce, kowa ya karanta.

Mun fara cika takardun, ni da ɗiyarka. Biyu sun kammala. Ita ba ta da haƙurinka, in na karya ma'auni faɗi take yi, kuma na fara jurewa. An ce za a sake taro bayan Sallah. Zan je, ko wajen takalma ne, kuma daga baitin ƙarshe za a fara, in ga wanda zai ce ya isa.

Ina yi wa matarka Balaraba ta'aziyya, da Juwairiyya da ƙannenta, da almajiranka da maƙwabta. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya sa a karanta takardarka har ƙarshe, ba mai katse ka.