Ajin Karatun da Malama Nuna-Min Ta Hana a Rufe

Kafin masu shara su gama da barandar bene na biyu, Malama ta riga ta buɗe ofishinta. Ofis ne da aka yanko daga wani tsohon ɗakin ajiya, taga ɗaya, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Takan ajiye jaka a kujerar baƙi, ta jona butar shayi, sannan ta ɗauko almakashi. Da shi take yanko shafuka daga tsofaffin mujallun bincike da sassan jami'a suka gaji da ajiyewa: yau na likitanci, gobe na noma, jibi na tattalin arziki. Da waɗannan yanke-yanke take koyar da abin da kowa a jami'ar nan yake rantsuwa ɗalibai sun iya tun daga sakandare, wato karanta Turancin littattafan ilimi har a gane abin da aka ce.

A ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya, bayan shekarun da suka isa jariri ya girma ya zama shugaban sashe. Jami'a za ta ba ta agogon bango, kamar yadda take ba duk wanda ya daina bukatar sanin lokaci. Na ga bai isa ba, shi ya sa nake wannan rubutu, kuma da murna nake yin sa.

Ɗalibanmu Turanci ba harshen gidansu ba ne, amma ba su rasa dabara ba. In aka ba su matani da tambayoyi, sai su ɗauki kalma ɗaya daga tambayar, su shiga farautarta cikin matanin, inda suka same ta su kwafe jimlar gaba ɗaya. Da wannan aka ci jarrabawa da yawa a duniya. A ajin Malama ne dabarar take mutuwa. Wani ɗalibin koyon haɗa magunguna, wanda yanzu shi ke riƙe da ɗakin magani na wani babban asibiti, ya ba ni labarin ranarsa ta farko.

"Marubucin ya ce maganin yana warkarwa, Malama."

"Nuna min."

Ya ɗora yatsa a kan layin, yana murmushin wanda ya gama aiki.

"Ɗana, wannan ai maganar mutanen da yake ƙaryatawa ce. Ka shigo gardama a tsakiya, ka kama ɓangaren wanda aka kayar. Karanta gaba."

Daga nan sunan ya samo asali, Malama Nuna-Min. Ya ce da ni ya tsane ta zango guda cur, yanzu kuwa duk takardar binciken da wakilin kamfani ya ajiye masa a tebur, sai ya nemo inda marubucin ya yi magana da bakinsa kafin ya yarda kwalba ɗaya ta hau kantar ɗakin maganin.

Koyarwar rabin aikin ce. Ɗaya rabin, wanda ba mai gani, shi ne tsara jarrabawa. Malama tana da wata al'ada da ta daɗe tana ba abokan aiki dariya. In ta rubuta tambayoyi, sai ta ɓoye matanin, ta kai tambayoyin kaɗai gida, ta ba maigidanta. Mutumin kirki ne, mai gyaran firji, Turancinsa bai wuce na jikin kwalin kaya ba. Duk tambayar da ya amsa daidai ba tare da ya ga matanin ba, kwandon shara ne makomarta, domin tambayar da ake ci babu karatu ba ta auna karatu. Na taɓa tarar da su a kan haka a falonsu, shi da fensir a kunne.

"Wannan ta uku ce amsar."

"Ya aka yi ka sani, Baban yara?"

"Ta fi tsawo. Ku malamai in za ku faɗi gaskiya sai kun ja ta."

Ta soke tambayar ba musu. Ya juyo gare ni ya ce, "Ka shaida, Malam, babu ɗalibin da ya kai ni zama jarrabawar jami'a, amma har yau ko hular nan mai igiya ta bikin yaye ɗalibai ba a ara min ba."

To, a bara sai aka zo da ci gaba. Wani kamfani ya kawo wa jami'a jarrabawar karatu shiryayya, wadda ake yi a kwamfuta, sakamako ya fito kafin ɗalibi ya tashi daga kujera. Aka gwada ta a kan sababbin ɗalibai, kusan duk suka ci. Shugaban tsangaya ya yi farin ciki irin na uban da aka ce 'ya'yansa duka haziƙai ne. Ya ce tunda yaran sun iya karatu, kuma mai koyar da shi za ta yi ritaya, a rufe ajin, a ba wani sashe zauren. Duk wanda ya ci jarrabawar kwamfuta ya wuce kai tsaye zuwa manyan littattafai.

Malama ta san su wane ne za su wuce. Su ne masu zuwa ofishinta da littafin da suka haddace shafinsa na farko, su kasa faɗin abin da ke ciki ko da Hausa. In aka rufe ajin, babu inda za a sake tsayar da su a koya musu, sai dai su gano ramin a shekarar ƙarshe, lokacin da ba mai ciko shi. Ita kuwa ba farfesa ba ce, ba ta da ƙuri'a a kwamitin da zai yanke hukuncin. An gayyace ta taron ne don a yi mata godiya.

Ina cikin ɗakin ranar, kuma ban taɓa jin daɗin taron kwamiti ba sai shi. Bayan an gama godiyar, ta miƙe da takardu a hannu.

"Ranka ya daɗe, kafin a yanke hukunci, ina roƙon manyanmu su ɗan taɓa jarrabawar da hannunsu. Ba za ta ɗauki lokaci ba."

Shugaban ya dubi agogo, ya dubi tsufanta, ya yarda. Ta raba tambayoyin kamfanin. Jama'a, ku zo ku ga farfesoshi. Na ilimin sinadarai ya kare takardarsa da gwiwar hannu. Ta ilimin shari'a ta ce da maƙwabcinta, "Malam, idonka a gabanka." Aka gama, Malama ta karanto amsoshi, kowa ya duba nasa. Duk sun ci, shugaban kuma ya fi kowa. Har ya gyara zama.

"Kin gani, Malama? Jarrabawa ce mai kyau."

Sai wani dattijon farfesan tarihi, wanda kowa ya ɗauka barci yake, ya juya takardarsa gaba da baya, ya ce, "Wai ina abin da aka ce mu karanta?"

"Yana cikin jakata, Farfesa. Ban raba ba."

Shugaban tsangaya mutum ne da ba ya son a yi dariya a inda yake sai in shi ya fara, kuma fuskarsa ta nuna bai fara ba. Ya ce, "Mu ai manya ne, mun san abubuwa da yawa. Dole mu canka daidai."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Maigidana ma ya ci, shi kuma firji yake gyarawa."

Ba ta tsaya nan ba, kuma wannan ne ya raba ta da masu son kunyata mutane. Ta raba nata tambayoyin, su ma babu matani. Aka yi ta juya biro, ba wanda ya iya komai. Sannan ta raba matanin, shafi guda kan yadda wata cuta ke yaɗuwa a gonaki, suka karanta, suka amsa, har gardama ta tashi tsakanin mutum biyu kan abin da marubucin yake nufi a sakin layi na ƙarshe, kowa yana buga yatsa a takarda. Daga baya shugaban ya cire tabarau, ya yi dariyar da ta ba kowa izinin yin tasa.

"Ajin yana nan," in ji shi. "Amma tunda kin jawo, kafin ki tafi sai kin horar da masu gadonki."

Haka jami'a take saka wa mai gaskiya, da ƙarin aiki. Ta karɓa hannu biyu. Matasan malamai biyu suna zaune a ofishin nan mai taga ɗaya tun farkon zango, gwiwa na gugar gwiwa, tana soke musu tambayoyi suna godiya.

Malama, ke ce kika ɗauki darasin da kowa ke gudu, wanda ba ya kai mutum taron ƙasa da ƙasa, kika riƙe shi kamar shi ne jami'ar gaba ɗaya. Ke ce mai kayar da ɗalibi a ajin farko don kada littafi ya kayar da shi a na ƙarshe. Uwar masu karatu, gagara masu canke. Likitoci da injiniyoyi da malaman gona sun bi ta hannunki, yawancinsu in suna lissafa malamansu ba sa tunawa da ke, domin wanda ya iya karatu yakan ɗauka da shi aka haife shi.

Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar cin sa, ya saka wa maigida da ya yi wa jami'a hidima ba takardar ɗauka aiki. Ku kuma 'yan'uwana malamai, masu alfahari da cewa ɗalibanku duk sun ci, ku daure ku tambayi kanku me suka ci. Abin da matar nan ta yi ba ya bukatar kwamiti, haƙuri yake bukata da rashin tausayin tambayar da ka rubuta da hannunka.

Sababbin ɗalibai za su shigo bayan hutu, ba su san ki ba, ba kuma za su gan ki ba. Za su zauna a zauren da aka so karɓewa, su sha wuya, su fito suna tsine wa duk wanda ya hana a rufe ajin nan. Ki karɓi tsinuwar da hannu biyu, Malama. Taki ce, kin yi mata aiki.