Waken Malam Kalilu Mai Gidan Sauro

Malam Kalilu manomin wake ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura zuwa Baure. Gero da dawa yana yin su don ci, amma wake ne abin da aka san shi da shi. Mutum ne mara yawan magana. Matarsa Hajo ce mai surutun gidan, ita ke ba baƙi labari, shi kuwa nasa murmushi.

Da ciwon daji ya kama Hajo a nono, shi ya riƙa kai ta asibiti a Kano, suna hawa mota daga tashar Daura. Ana ɗaura mata magani ta jijiya. Maganin yana yaƙar ciwon, amma yana cin jikinta. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo har kunu ya gagare ta. Wata rana a hanyar dawowa ta ce masa, "Malam, wannan magani bai san inda aka aike shi ba. Duk wanda ya gamu da shi duka yake." Ta rasu kafin kaka.

'Yarsu Adawiyya a lokacin tana karatun haɗa magunguna a jami'a. Ta gama, ta zarce karatu na gaba. Wata damina ta zo gida, ta bi mahaifinta gona, ta tarar yana tuge waken da ganyensa ya yi roɗi-roɗi, rawaya da kore, ya ƙanƙance. Yana tarawa zai ƙona.

"Baba, don Allah kada ka ƙona. Su na zo nema."

Ya dube ta. "Cutar da ke kashe mini gona?"

Ta tsuguna ta ɗauki ganye ɗaya. Ta ce masa abin da ke lalata ganyen wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, kuma tana da ƙwanso kamar na gyaɗa. Ba ta kama mutum, sai wake. Idan aka fitar da abin da ke cikinta, sai ƙwanson ya rage fanko. Masu bincike suna ƙoƙarin zuba magani a ciki su rufe, ya bi jini bai taɓa komai ba, sai ya isa wurin ciwon sannan ya buɗe.

Malam Kalilu ya ce, "Da akwai shi, da uwarki ta tashi?"

"Ban sani ba, Baba. Har yanzu a kan ɓeraye ake gwadawa. Ƙila sai nan da shekaru masu yawa. Ƙila ma ba ni zan ga ƙarshensa ba."

Ya ce, "To, kwashi."

Shekarar da ta biyo baya ya ware mata kusurwa guda a gonar, ya bar waken da ya kamu yana tsaye. Maƙwabcinsa Sharu bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya, don ƙwari ne ke ɗaukar cutar daga shuka zuwa shuka. Ya zo har ƙofar gida ya ce, "Kalilu, kowa na korar cuta kai kana kiwonta? Idan ta tsallako gonata fa?" Malam Kalilu ya ba shi haƙuri. Ya tattara tsofaffin gidajen sauro, ya kai wa tela ya haɗe su, ya kafa sanduna ya lulluɓe kusurwar ruf. Masu wucewa a babur suka riƙa tsayawa suna dariya, wai waken Kalilu ya fi mutane gata.

Aikin farko bai yi ba. Adawiyya ta kira shi a waya tana kuka, ta ce ƙwansunan sun farfashe tun kafin a zuba musu magani, watanni sun tafi a banza. Ya bar ta ta yi kukanta. Sannan ya ce, "Ni ma na sha shuka ruwa ya ɗauke. Ganye nawa kike so bana?"

A damina ta uku gwiwoyinsa sun fara ciwo, ɗansa Munzali ne ke yawancin noman. Adawiyya ta zo ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ta same shi a zaure. Ta miƙa masa wayarta. Hoto ne mai launin toka, cike da wasu 'yan dunƙule-dunƙule, kowanne da baƙin ɗigo a tsakiya. Ta ce na'urar da ke ɗaukar irin wannan hoton ma ba su da ita, sai da aka aika da samfurin zuwa wata jami'a.

"Baƙin nan na ciki shi ne maganin, Baba. Sun riƙe shi. Saura mu ga ko za su sake shi a inda ya dace."

Ya kawo wayar kusa da idonsa, ya nisanta ta, ya sake matso da ita. Ya tambaya ko duk daga gonarsa suke. Ta ce duka. Sai ya yunƙura ya miƙe, ya zura takalmansa.

"Ina za ka, Baba?"

"Ara mini wayar. Zan je in nuna wa Sharu."