Jarkar Malam Nasiru ta ɓeraye ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina share ɗakin ɓeraye aka kira ni, wai Malam Nasiru ya rasu. Jiya da yamma tirela ta bugi keken da yake ciki a hanyar Kudenda, da asuba rai ya yi halinsa.

Ni ba ɗan boko ba ne, rubutu wahala yake ba ni. Abin da na gani wajen jana'iza a Unguwar Mu'azu shi ya sa na kasa shiru.

An tsayar da sahu, sai dattawa uku suka koma gindin bango. Da kunnena na ji ɗayansu: "Waɗanda suka ɗauko shi sun ce warin burkutu yake tun daga hula har takalmi. Ni kam ba da ni ba."

E, warin burkutu yake. Jarka ce ta fashe a jikinsa.

Shekara biyu ni nake kula masa da fararen ɓeraye a lab ɗin makarantar da yake koyarwa. Bincikensa shi ne abin da giya take yi wa jiki. Ɓerayen keji uku ne: wasu ruwa zalla, wasu a ɗura musu kaɗan da sirinji, wasu da yawa. Duk Asabar mu ɗora su a sikeli.

An ce ya yi amfani da giyar kwalba ta lab, ya ce a'a, abin da mutanenmu suke sha shi zai gwada. Burkutu kuwa ba ya jure ajiya, dole a riƙa sayo sabo. Shi ne yake zuwa Kakuri wajen Mama Ladi, wata 'yar Filato mai dafawa. Na sha cewa ya aike ni. Ya ce, "Kai da kake neman aure? Wa zai ba ka 'ya in an gan ka can?"

Sunana ya kare, ya bar nasa a titi.

Shi ya koya mini karanta sikeli. Ran da ɓera ya cije ni, da kansa ya wanke mini yatsa, yana ta dariya: "Oga Sabi'u, wannan mashayin ya fi ka zuciya."

Na ga hantar ɓeraye masu sha da idona, fara fat, tana maiƙo. Na tambaye shi. Ya ce, "Hanta mai girki ce mai murhu ɗaya. Giya na shigowa sai ta sauke tukunyar kitse ta ɗora ta giya. Kitsen ya yi ta taruwa."

Ni na fara lura mazan ɓerayen da ke sha sun daina kula matan, sun daina ma gyara gashinsu. Da aka auna jininsu ya ce homon ɗinsu, wato sinadarin mazantaka, ya yi ƙasa. Ya rubuta a littafi, ya sa sunana a gefe. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba.

Ranar Alhamis muka rabu a tashar keke. Na ce, "Malam, surutu fa ya yi yawa a unguwa, ka bar ni in yi magana." Ya ce, "Saura sati uku mu gama. In takardar binciken ta fito, su da kansu za su karanta. Ƙyale su."

Na ƙyale. Abin da yake cin raina ke nan. Wata nawa ina jin ana faɗa a wajen mai shayi wai mashayi ne, ina sunkuyar da kai.

Ɗazu Mama Ladi ta zo gaisuwa, aka yi ta kallonta, ba wanda ya ba ta tabarma. Daga tsaye ta ce wa mahaifiyarsa, "Hajiya, ɗanki ko ƙwaryata bai taɓa riƙewa ba. Daga ƙofa yake miƙo jarka, fuskarsa a waje." Sai a lokacin tsohuwar ta iya kuka.

Wallahi ban taɓa ganin ɗigo ɗaya a bakinsa ba, zan maimaita haka gaban Allah.

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya raya yaranka. Ku da kuka karanta, don Allah ku yi masa addu'a, ku tura wa wasu har ta kai ga dattawan nan uku. Sallar ta wuce su, amma gobe akwai zaman makoki, ƙofa a buɗe take.